Rigar da Na Ƙara wa Yatsa Huɗu

Ni ban taɓa jefa wa kowa ƙuri'a ba. Da ƙuruciyata na baro Damagaram na biyo maigidana Jidda, duk zaɓen da aka yi a gida tun daga nan a bakin 'yan umra nake jin labarinsa. Amma ina da magajiyar gari tawa ta kaina, wadda na san faɗin kafaɗarta da tsawon hannunta fiye da duk waɗanda suka zaɓe ta. 'Yar Filifin ce. Shekara tara kekena yana jingine da nata a wani shagon ɗinkin mata a unguwar Bani Malik.

Shagon na wata Balarabiya ne da muke ce wa Madam. Mu bakwai ne a ciki, ƙofa a rufe, labule a sake, ba namijin da ke leƙo mu. Nawa aikin shi ne kalmasa da surfani da dasa duwatsu a rigunan amare. Kullum da safe daga unguwarmu Nuzla nake tasowa, in iske sauran sun riga ni zama, don su a saman shagon suke kwana.

Ranar da aka kawo ta, na ɗago kai sai na ga wata 'yar mace tsaye da jaka, kanta bai wuce kafaɗata ba. Na ce a raina, ikon Allah, yanzu wannan ƙafarta za ta kai matakin keke? Ai kuwa sai da aka nemo mata gajeriyar kujera. Tun ranar na sa mata Guntuwa. Ta tambaye ni ma'anarsa, na faɗa mata ba ɓoye-ɓoye, ta kwashe da dariya ta ce a garinsu ma tsiyar da ake mata ke nan. Ita kuma ukhti take ce mini, wato 'yar'uwa. Da Larabcin 'yan aiki muke magana, irin wanda ba Balaraben da zai yarda nasa ne, amma mu ya ishe mu har da na faɗa.

Alwala ce ta fara haɗa mu. Ni a jahilcina na ɗauka duk 'yan ƙasarsu Kiristoci ne, sai ga ta da azahar ta naɗe hannun riga ta nufi famfo. Ta ce daga kudancin ƙasarsu ta fito, can kuwa Musulmi ba sa ƙirguwa. Kifi kuma shi ya fara haɗa mu faɗa. Wani busasshen kifi take soyawa a sama, warinsa ya sauko ya shige yadin amare. Rannan na kasa haƙuri, na hau bene ina huci, na ce, “Ke Guntuwa, don Allah mushen mene ne wannan kike soyawa?” Ko juyowa ba ta yi ba. Ta ce, “Ukhti, wannan baƙin abin da kike sawa a miyarki fa? Ranar da kika buɗe kwanonki na zaci ɓera ne ya mutu a bayan firji.” Daddawata take nufi! Muka ƙare a zaune a ƙasa, ta ci tuwona da miyar kuka, na ci shinkafarta. Har yau ban yafe wa kifin nan ba, amma ina cin sa.

Labarinta a gutsure-gutsure na same shi, tsakanin ƙarar kekuna. Garinsu ƙarami ne a bakin teku, da wasu 'yan tsibirai a gefensa. Ubanta masunci ne, uwarta tana shanya kifi tana kai wa kasuwa. Ta yi makaranta har ta fara karatun malanta, sai uban ya kwanta ciwo, ta ajiye littafi ta kama keke don ƙannenta su ci gaba. Ta yi aure, ta haifi biyu, mijinta yana haya da babur mai ƙafa uku. Yaran ta bar wa uwarta da mijin, ta zo nan. Hotonsu yana manne a jikin kekenta, inda ni nake manna allurai.

Wata rana ta ce mini a garinsu gida ɗaya ne ke riƙe da kujerar magajin gari. Kakan ya yi, uban ya yi, ɗan yana kai. Na ce, “To ai sarauta ce.” Ta ce, “A'a, zaɓe ake yi.” Na ce, “Zaɓe kuma kullum su?” Ta cire zare da haƙori ta ce, “Ana gobe zaɓe ake raba shinkafa, ukhti.” Na ce ashe ba mu kaɗai ba ne.

Akwai abin da take yi mini dariya a kai, shi ne awona. Ni ba da tef na koyi awo ba. Gwaggona da ta koya mini ɗinki ba ta san lamba ba, sai ta yagi siririn ƙyalle mai tsawo, ta zagaya mutum da shi, ta ƙulla: ƙulli ɗaya kafaɗa, ɗaya ƙirji, ɗaya ƙugu, ɗaya hannu. Kowace mai ɗinki da ƙyallenta. Ni ma haka nake yi, ko da na riƙe tef don idon Madam. Wata ƙaramar salla na ce zan ɗinka wa Guntuwa doguwar riga irin tamu. Na auna ta da wani koren ƙyalle tana ta mutsu-mutsu wai cakulkuli nake mata. Da na gama na rataye ƙyallen a ƙusa kusa da kekena, na manta da shi a nan.

Yadda ta fara zama babbarmu kuwa, a kaina aka fara. Na ɗinka wa wata amarya riga, sai zazzaɓi ya kwantar da ni kwana uku. Amaryar ta zo gwaji, aka ce ƙugun ya yi yawa, Madam ta miƙa wa wata sabuwar ma'aikaciya ta rage. Ita kuma baiwar Allah ba ta san inda na ɓoye ƙarshen zaren duwatsun ba, ta sa almakashi, duwatsu suka zube kamar gero. Na dawo ina jiri na iske uwar amarya tana zage-zage, Madam kuma ta juyo kaina wai ɗinkina ba ƙarfi. Ni da zuciya, har na ɗauki abayata zan fita, in na fita kuwa ba dawowa.

Guntuwa ta kashe kekenta ta miƙe. Ko da ta miƙen ma kusan tsawonta ɗaya da na zaune. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, “Madam, wadda ta ɗinka ita ta san inda ta ƙulle. Yau nata ne, gobe nawa. Daga yau, wadda ta ɗinka ita ke gyarawa. Ba mai sa almakashi a ɗinkin wata.” Madam ta ce wa ya ba ta ikon kafa doka a shagonta. Ta ce ba kowa, lissafi ne kawai: riga nawa Madam take so ta lalace kafin ta yarda? Sai ta zauna ta naɗe hannu. Ɗaya bayan ɗaya sauran suka kashe kekunansu, har da wadda ta yi yankan tana hawaye. Shagon ya yi tsit, sai ƙarar na'urar sanyi. Madam ta dube mu, ta dubi tarin rigunan biki da ke jira, ta ce, “Halas, shi ke nan. Yalla, maza ku yi aiki.” Dokar ta zauna daga ranar, kuma har gobe tana nan.

Bayan wannan sai komai ya koma wurinta. Rabon ranar hutu ita, rikicin wa ta ɗauki dutsen gugar wa ita. Daga shago abin ya fita waje. 'Yan ƙasarsu masu aikin gida suka gano akwai wata a Bani Malik da ta iya rubuta takarda, kuma ba ta jin tsoron tsayawa gaban teburin hukuma. Wadda iƙamarta, wato takardar zama, ta ƙare, wadda suka saɓa da kafili, wato ubangidan da ya ɗauko ta, wadda ke son komawa gida ta rasa ta ina za ta fara, duk ita ake kira. Ranar Juma'a da muke miƙe ƙafa, ita tana hanya. Nakan ce, “Gwamna, an tashi majalisar?” Ta ce, “Saura mutum ɗaya, ukhti.” Kullum saura mutum ɗaya.

Tsofaffin kekunan da Madam ta yar ma ba ta bar su ba. Ta roƙa, ta goge, ta sa mai, ta cusa a manyan kwalaye ta aika gida ta jirgin ruwa. Ashe can matan unguwarsu sun haɗa kai a ƙarƙashin wata rumfa suna ɗinka kayan makaranta da su. Ta waya take koya musu yadda ake sa hannun riga, tana yi tana faɗa da yarensu, ni ina gefe ina dariyar abin da ban ji ba.

A shekararta ta tara iska mai ƙarfi ta taso daga teku ta kwashe rufin unguwarsu, har da rumfar kekunan. Allah ya tsare rayuka. Amma da kayan agaji suka zo, sai aka bi gida-gida da takarda, wanda aka san ya zaɓi gidan magajin gari a ba shi kwano da ƙusa, wanda bai zaɓa ba a tsallake. Aka tsallake uwarta. Ranar da labarin ya iso, Guntuwa ta duƙufa kan kekenta tun safe. Da la'asar ta juyo ta ce, “Ukhti, halas. Gida zan koma.” Na ce, “Ki yi me?” Ta ce, “In karɓi takardar nan daga hannunsu.”

Ranar tafiyarta ta miƙo mini babban almakashinta, wanda ba ta yarda kowa ya taɓa. Ta ce in riƙe, ya yi wa jaka nauyi. Ƙarya take yi, jakar da ta ɗauki tukunyar dafa shinkafa ba almakashi ne zai gagare ta ba. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba, ita ma ta yi.

Kusan kullum saƙon muryarta yana shigowa. Ina surfani ina sauraro. Ta tara matan nan suka sake kafa rumfa, suka rufa gidajen da aka tsallake ɗaya bayan ɗaya. Aka zaɓe ta kansila a unguwa. Zaɓe na gaba ta zama shugabar unguwar gaba ɗaya, don su can mai unguwa ma da ƙuri'a ake yin sa. Nakan ji ƙarar injin kwalekwale a bayan muryarta, ko ihun zakara, ko ruwan sama yana dukan kwano. Ni kuma in ba ta labarin shago, wa ta yi aure, wa ta ƙona rigar wa. Kowane saƙona da “Ke Guntuwa” yake farawa.

Da ta ce za ta tsaya takarar magajin gari da jikan gidan nan, na ce, “Kin haukace?” Ta ce wataƙila. Mutanensa suka shiga yaɗa cewa tela ce, 'yar aikin Larabawa, me ta sani a mulki. Da ta ji, sai ta rataya tef ɗin awo a wuya, da shi take zuwa ko'ina. Ba ta da shinkafar rabawa. Ƙafa take da ita, ta bi gida-gida, tsibiri-tsibiri, kuma kusan kowane gida akwai wadda ta taɓa yin aiki a ƙasar waje ko take can yanzu. Waɗanda ta rubuta wa takarda a nan Jidda suka yi ta kiran iyayensu da mazajensu. Ranar da sakamako ya fito ina tsakiyar dasa duwatsu. Saƙon gajere ne, muryarta ta dishe: “Ukhti, mun karɓi takardar.” Na rangaɗa guɗa a tsakiyar shago har Madam ta fito da gudu ta zaci wuta ce.

Washegari na tafi kasuwar Balad na zaɓo shadda koriya mai nauyi. Na ciro koren ƙyallen nan daga ƙusa, na karkaɗe ƙura, ƙullinsa huɗu suna nan. Sai na yi abin da kowace tela 'yar garinmu za ta yi. A kowane ƙulli na ƙara yatsa huɗu. Haka gwaggona ta koya mini: wanda ya hau kujera jiki yake yi, wuya ya cika, ciki ya fito, kuma ba a ɗinka wa babba riga matsattsiya, raini ne, kamar kana cewa ba ka sa masa ran daɗewa. Ni duk wanda na sani ya sami muƙami, ko na shugabancin 'yan kasuwa ne, cikin shekara ɗaya sai an sake masa awo. Da na zo hannu ma sai na ce, kai, magajiyar gari guda, na ɗan ƙara tsawo don ya sauko da kwarjini. Mako uku ina surfanin wuyan nan da hannu. Na bai wa wata 'yar ƙasarsu mai tafiya hutu, ta yi alkawarin za ta isa kafin ranar rantsuwa.

Ta isa. Saƙo ya zo: “Ukhti, riga ta zo. Na gode, na gode, ta yi kyau ƙwarai.” Shi ke nan.

Hoton rantsuwa ya zo. Ga ta nan ta ɗaga hannu, ga uwarta, ga mijinta da yara. Wata farar riga ce a jikinta, irin ta kanti, ɗinkin inji, kafaɗar ma ba ta zauna ba. Na ƙara girman hoton, na rage, na sake ƙarawa. Na ce wataƙila doka ce a sa fari. Na jira hoton walima, ba rigata. Na jira na salla, ba rigata. Wata ya bi wata, hotuna suna zuwa, ta buɗe rijiya, ta duba makaranta, ta shiga kasuwa, ko sau ɗaya ban ga koriyar shaddar nan ba.

Wallahi na ji ciwo. Na ce a raina ashe haka ne, ta hau kujera ta ga ɗinkin 'yar Nuzla bai kai ba. Na gaya wa maigidana, ya ce, “Ke ma dai. Mutum ya zama babba, sai ki kama girmanki. Kar a sa ki cikin 'yan maula.” Kuma haka muka tashi muka gani a gida. In ƙawarki ta sami ɗaukaka ba kya cusa kai, ba kya kiranta da sunan wasa, sai ki gaishe ta da ladabi ki koma gefe, in tana son ki ta neme ki. Na daina cewa Guntuwa. Na koma yi mata gaisuwar manya, Allah ya ja zamani, Allah ya ƙara girma, a taƙaice. Da farko dariya ta yi, ta ce me ya same ni. Na ce ba komai, ranki ya daɗe. Saƙonninta suka fara raguwa, daga kullum zuwa mako, daga mako zuwa salla-salla. Na ce to, ga shi nan, dama na faɗa. Ban taɓa tambayar ta rigar ba. Ni? Allah ya sawwaƙe in tambaya.

Kusan shekara biyu muna haka. Almakashinta yana cikin aljihun kekena, ba na amfani da shi, ban kuma iya bayar da shi ba. Ƙyallen ma na mayar da shi ƙusarsa. Ina cin abincina, ina aikina, lafiya lau, sai dai duk ranar da wani abin dariya ya faru a shago nakan kai hannu ga waya, sannan in tuna.

Wata Laraba da hantsi aka danna ƙararrawa. Madam ta buɗe, sai na ji ta yi ihu da Larabci. Ban ɗago ba, na zaci wata tsohuwar mai kawo ɗinki ce. Sai na ji an ce a kaina, “Ukhti, har yanzu ba ki koyi tef ba?”

Ita ce. Umra ta kawo uwarta, sun gama, kwana biyu ya rage musu a Jidda kafin jirgi. Ba 'yan rakiya, ba kowa, baƙar abaya ce a jikinta da leda a hannu. Na miƙe, bakina ya fara, “Ranki ya…” Ta ɗaga mini hannu ta ce, “Tsaya.” Ta zaro koriyar shaddar daga leda, a ninke yadda na ninke ta, ta zura a kan abayarta.

Innalillahi. Rigar ta haɗiye ta. Kafaɗa ta sauko gwiwar hannu, hannun ya wuce yatsunta yana reto, wuyan da na yi mako uku a kai ya zamo har ciki. Ta buɗe hannuwa ta juya a hankali kamar yaro a cikin babbar rigar ubansa. Shago ya ɗauki dariya, Madam har da riƙe bango. Guntuwa ta dube ni ta ce, “Mu nawa kika ɗinka wa? Ni da kansiloli?”

Na ce, “Yatsa huɗu kawai na ƙara!” Ta ce don me. Na yi mata bayani, yadda kujera ke sa jiki, yadda ba a matse babba. Tana ji tana dariya har ta zauna a ƙasa cikin tulin shadda, hawaye na zuba. Ni kuwa raina ya fara ɓaci, don shekara biyu ba wasa ba ce. Na ce, “To me ya hana ki faɗa? Baki gare ki, waya gare ki!” Ta share ido ta ce, “A wajenmu ba a ce wa mai kyauta kyautarta ba ta yi ba. Kunya ce babba. Ido da ido ma da ƙyar, balle a waya.” Na ce, “To garinku ba teloli? Rumfa guda kike da ita cike da mata. Ke kanki fa, mece ce sana'arki?”

Ta daina dariya. Ta ce matan rumfar sun roƙe ta ya fi sau goma su rage mata, ranar rantsuwa har wata ta zo da almakashi. Sai ta dube ni kamar na manta sunana ta ce, “Wa ta kafa dokar, ukhti? Ɗinkinki ne. Ke kika san inda kika ƙulle.”

Ta ci gaba, a hankali: “Ni ma ina da tambaya. Tun daga safe har yamma kowa a garin nan girmama ni yake yi. Har mijina wani lokaci. Mutum ɗaya ta rage a duniya mai ce mini Guntuwa, ita ma ta daina. Na zaci kin ga hotona a kujera kin ce na zama irinsu.”

Nan fa na fashe. Na ce, “Ke Guntuwa, Allah ya shirye ki! Tashi ki cire mini riga kafin ki share ƙasa da ita.” Ta ce, “Yawwa.” Muka rungume juna da shadda a tsakani, ina kuka ina zaginta.

Na ciro koren ƙyallen na zagaya ƙugunta. Ƙullin ya wuce inda ya kamata ya tsaya. Na sake, na ce ko hannuna ne. Ya sake wucewa, da yatsa biyu cur. Ƙirji ma haka. Wato macen nan da ke riƙe da gari sukutum ta fi ramewa a kan lokacin da take cin shinkafa da mushen kifi a saman shagon Madam. Na ce, “Wannan wane irin mulki ne? Ba a ba ku abinci?” Ta ce ana ba su, lokacin ci ne babu, yau tana wannan tsibiri gobe tana wancan, motar ofis kuma ta bar wa masu naƙuda don asibiti da nisa. Na dubi ƙyallen a hannuna na daɗe. Gwaggona ta auna manya da yawa a rayuwarta, amma irin wannan ba ta taɓa zuwa hannunta ba.

Gajeriyar kujerarta tana nan, akwatin zare muke ɗorawa a kai. Ta sauke akwatin ta zauna. Na buɗe aljihun keke na ɗauko almakashinta. Yinin nan da washegari na warware rigar na sake haɗawa, ita tana zura mini zare a allura, don idona ya fara gajiya. Ko sau ɗaya ba ta kai hannu ga yadin ba. Ta ba ni labarin rigimar kansiloli, na ba ta na shago, na kawo tuwo daga gida na tsaya a kanta sai da ta cinye malmala biyu. Ta kawo mini tsarabar kifin nan kuma, marar kunya.

Bayan wata ɗaya hoto ya zo. Sabuwar rumfar kasuwar kifi suke buɗewa, tana tsaye a tsakiyar mata cikin koriyar shadda, ta zauna mata ɗas, tef ɗinta a wuya a kan surfanina. Na daɗe ina kallo. Sannan na danna waya na ce, “Ke Guntuwa, cire wannan tef ɗin, kin rufe mini aikin mako uku.”

Abu ɗaya ne ban gaya mata ba. Da na zo ƙugu ban yanke yadin duka ba. Yatsa biyu na kalmashe a ciki, ta yadda ba za a gani ba, ko Allah zai sa wata rana ta zauna ta ci abinci. In ta cika su, dole ta kawo mini, don ba mai warware ɗinkin nan sai ni.